Tsarin Tsaron Ƙasa da Fitinar Boko Haram: Shin Ya Biya Bukata?

 

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne tsarin tsaron ƙasa da hukumar Nijeriya ta shimfiɗa domin fuskantar ta'addanci. Mas'ala ce da ta shafi jininmu. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 wannan fitina ta ci rayuka wajen 350,000 a Arewa maso Gabas. Waɗanda makami ya kashe kai tsaye wajen 35,000 ne. Sauran yunwa da cuta da rashin magani ne suka ɗauke su, akasarinsu ƙananan yara. Saboda haka bai halatta mu yi hukunci a nan da son rai ba, ko don ƙaunar masu mulki ko don ƙin su.

Mu fara da abin da aka rubuta. A 2011 aka yi dokar hana ta'addanci, aka gyara ta a 2013, aka sake ta a 2022. A 2014 ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a ƙarƙashin Kanal Sambo Dasuki, ya fitar da kundin tsarin tsaron ƙasa tare da wani kundin na musamman kan yaƙi da ta'addanci, kuma gwamnatin Buhari ta sabunta na farkon a 2019. Duk wanda ya karanta su da insafi zai iske magana mai kyau a ciki. Sun yarda cewa bindiga kaɗai ba ta kashe aƙida. Sun ambaci talauci da jahilci da rashin aikin yi, sun ce tsaron talaka shi ne asalin tsaron ƙasa, sun kuma ce a jawo malamai da sarakuna cikin aikin. Matsalar ba a takarda take ba.

Ta fuskar yaƙi kuwa, adalci ne mu faɗi abin da aka samu. A watan Agusta na 2014 Shekau ya shelanta daularsa a Gwoza, Bama da Mubi da Baga suka faɗa hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen Maris na 2015 an ƙwato Gwoza, da taimakon sojojin Chadi da Nijar da Kamaru a kan iyakoki, bayan matasan Maiduguri sun riga sun kore su daga cikin gari tun 2013. Sojoji da yawa sun ba da rayukansu a wannan fage, kuma ba ma raina jininsu.

To amma ƙwato gari daban, tsare mutanensa daban. A 2019 rundunar soja ta janye dakarunta daga ƙananan sansanoni ta tattara su a manyan barikoki, domin rage asarar da take yi. Soja ya tsira, ƙauye ya zama na wanda ya riga isa. A watan Nuwamba na 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakinsu, aka binne 43 a rana guda, alhali Maiduguri na nan kusa. A tsibiran Tafkin Chadi kuma ɓangaren da ya ɓalle a 2016 ya yi mubaya'a ga Da'ish ya riƙa karɓar haraji daga masunta da makiyaya, yana yanka musu hukunci a kotunansa. Shi kansa Shekau ba hukuma ce ta kawo ƙarshensa ba. A watan Mayu na 2021 ya halaka a dajin Sambisa a rikicinsa da wancan ɓangaren, kuma bayan nan ne dubban mabiyansa da iyalansu suka fito suka miƙa wuya. Wannan nasara ba ta cikin lissafin kowane kundi.

Inda nake so mu daɗe, ya 'yan'uwa, shi ne babin adalci, domin a nan ne nake ganin tsarin ya karye. A ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye gawa ce. Mutumin nan ɓatacce ne mai ɓatarwa, malaman Sunna sun yi masa raddi tun yana da rai. Amma da an gurfanar da shi gaban alƙali, da duniya ta ji wa ya ɗaure masa gindi, da kuma mabiyansa sun ga hujjarsa tana rushewa a bainar jama'a. Sai aka mayar musu da shi shahidi a idonsu, aka ba Shekau jarin da ya yi shekara goma sha biyu yana ci.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙungiyar Amnesty ta ruwaito a 2015 cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, kuma an kashe fiye da 640 bayan harin barikin Giwa a Maris na 2014. Rundunar ta musanta. To, wanda ya musanta ai sai ya buɗe ƙofa a bincika a fili, a ji sunan kowa. Da aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su a Kainji a 2017, ɗaruruwa aka sallama saboda babu hujja a kansu, bayan sun shafe shekaru a kulle. Ku auna zuciyar saurayin da ya fito daga nan ya iske an kashe mahaifinsa, gonarsu ta zama daji. Wani bincike da waccan hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 2017, bayan hira da tsofaffin 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabinsu kuma sun yarda cewa ba su fahimci nassoshin addini ba, ko fahimtarsu kaɗan ce. Zalunci da jahilci ke nan, kuma babu ɗayansu da jirgin yaƙi yake magani.

Tarihinmu yana da misali. Lokacin da Khawarijawa suka ware daga rundunar Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, suka taru a Harura, bai fara da takobi ba. Ya aika Abdullahi ɗan Abbas ya yi munazara da su, shubuha bayan shubuha, har dubbai suka dawo. Bai hana sauran masallaci ba, bai yanke musu haƙƙinsu ba, har sai da suka zubar da jinin Abdullahi ɗan Khabbab, ya nemi su miƙa masu laifin suka ƙi. Sannan ya yaƙe su a Nahrawan a shekara ta 38 bayan Hijira. Hujja ta gabata, sannan neman mai laifi shi kaɗai, sannan yaƙi. Duk da haka wani daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya kashe shi bayan shekara biyu. In takobin Aliyu bai tumɓuke wannan aƙida ba, ina ga na wanda bai tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba?

A wurinmu, masu aikin Ibn Abbas an bar su babu kariya. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Kano a 2007 yana limancin sallar asuba. An kashe Sheikh Albani Zariya a 2014 tare da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito ya ce su ne. Shirin gyaran tunanin tubabbu da aka buɗe a Malam Sidi ta jihar Gombe bayan 2016 yana da amfani, amma ya zo bayan ɓarna, kuma matar da ke zaune a sansanin gudun hijira tana ganin an koya wa wanda ya ƙona gidanta sana'a, ita ba a ko tambaye ta ba. Ga kuma batun dala biliyan 2.1 na makamai da aka tuhumi Dasuki da karkatarwa a 2015, mutumin da ofishinsa ya rubuta kundin.

Sai kuskuren jiragen sama. A Janairun 2017 aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, fiye da mutum 100 suka mutu. A Disamban 2023, a fagen yaƙi da 'yan bindigar daji, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu taron maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka kashe aƙalla 85. Saɓaninmu da masu maulidi sananne ne, amma jinin Musulmi ba ya halatta da wannan, kuma wajibi ne muryarmu ta fi ta kowa ƙarfi wajen neman haƙƙinsu. Shari'a ta san kisan kuskure, ta kuma ɗora masa diyya. Abin da muke nema daga hukuma shi ne a rubuta wannan cikin kundin da kansa: duk ran da jami'i ya kashe bisa kuskure a ƙidaya shi da sunansa, a biya magadansa, a kuma bayyana sakamakon bincike ga jama'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.