Dakatarwa Ba Hukunci Ba Ce

Yau za mu tattauna ne kan ma'aikacin gwamnati da aka dakatar, da makomar ƙarin girmansa.

A Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, dakatarwa iri biyu ce. Akwai wadda ake cire hannun ma'aikaci daga aiki yana karɓar rabin albashi har a gama shari'arsa. Akwai kuma wadda ake tsayar da aiki da albashi gaba ɗaya, idan zargin mai nauyi ne kuma alamunsa sun bayyana. Duka biyun matakin bincike ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

To ina maganar ƙarin girma? Doka ta tsara shekarun da ma'aikaci zai yi a mataki kafin a duba shi: shekara 2 ga mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 ga mataki na 7 zuwa na 14, shekara 4 ga mataki na 15 zuwa na 17. Duk wanda lokacinsa ya yi ana duba shi, ban da wanda ke fuskantar ladabtarwa. Saboda haka wanda aka dakatar ba ya zama jarrabawar ƙarin girma tare da sa'o'insa.

A nan gizo ke saƙar. Dokar da ta hana shi zama jarrabawa, ita ce kuma ta ce a kammala shari'ar ladabtarwa cikin kwana 60, sai fa idan laifin ya kai gaban kotu. Amma sau da yawa fayil yakan kwanta a kan tebur shekara da shekaru. Ranar da aka wanke mutum ya dawo, sai ya tarar wanda ya koya wa aiki ya zama shugabansa. An biya shi ariyas ɗin albashi, amma matsayinsa ya tafi. Asarar ba ta tsaya nan ba, domin kuɗin fansho da ake tara masa kowane wata bisa albashinsa ake lissafa shi. Jinkirin yau zai bi shi har tsufa.

Ƙasar Indiya ta samo wa wannan matsala mafita. Kwamitin ƙarin girma yakan auna ma'aikacin da ake tuhuma tare da sa'o'insa, ya rufe sakamakon cikin ambulan. Idan an wanke shi, sai a buɗe, in ya cancanta a ba shi matsayinsa daga ranar da na ƙasa da shi ya samu. Kotun Ƙolin ƙasar ta fayyace wannan tsari a 1991. Babu abin da zai hana hukumominmu ɗaukar darasi.

Ya kai ma'aikaci, idan dakatarwa ta same ka, ga shawara. Amsa takardar tuhuma a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka. Adana kwafin kowace takarda, musamman ta dakatarwa da ta wankewa. Da zarar ka koma aiki, rubuta koke ta hannun shugabanka zuwa hukumar kula da ma'aikata, ka nemi a duba ƙarin girmanka, a mayar maka da matsayinka cikin sa'o'inka. Idan an yi shiru, akwai ƙungiyarka ta ƙwadago, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kada ka yi jinkiri. Ma'aikatan jihohi kuwa su nemi dokokin jiharsu su karanta.

Ku kuma manyan sakatarori da daraktoci, amana ce a hannunku. Mai laifi a hukunta shi, babu mai ja. Wanda bincike ya wanke kuwa, a mayar masa da haƙƙinsa cikakke, albashi da matsayi. Ku ji tsoron Allah, ku ɗaga fayilolin nan.