Yarinyar Da Ba A Rubuta Sunanta Ba: Rubutaccen Shirinmu Na Wannan Mako

Ga waɗanda ba su samu sauraren shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Yau littafi ɗaya zan ɗauka, ɗan siriri ne, mutum zai iya gama shi tsakanin la'asar da isha'i, amma ni kwana uku na yi yana damuna. Sunansa Tafsil Sanawi, wato ƙaramin bayanin da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Marubuciyar Bafalasɗiniya ce, Adaniya Shibli, kuma ya fito da Larabci a 2017. Ina gargaɗi tun yanzu, zan taɓa ƙarshen labarin.

Abin da aka gina littafin a kansa ya faru da gaske. A watan Agusta na 1949, shekara guda bayan Nakba, wasu sojojin Isra'ila da ke sintiri a hamadar Naƙab sun kama wata yarinya daga cikin Larabawa makiyaya. Suka yi mata fyaɗe, suka harbe ta, suka binne ta a cikin rairayi. An gurfanar da sojojin a kotun soja a asirce, takardun suka kwanta shekara da shekaru, sai a 2003 jaridar Haaretz ta tono zancen. To a cikin waɗannan takardu akwai bayanin sojoji, akwai ranaku, akwai hukunci. Sunan yarinyar ne babu.

Shibli ta raba littafin gida biyu. A kashin farko muna biye da kwamandan sojojin. Wani ƙwaro ya cije shi a cinya, wurin yana ta ruɓewa, shi kuma yana ta wanka, yana aski, yana farautar gizo-gizo a ɗakinsa. Da irin muryar da aka ba da labarin wankansa, da ita aka ba da labarin yadda aka tuɓe yarinyar, aka wanke ta da tiyo, aka yanke mata gashi aka zuba masa fetur. Ba ɗaga murya, ba alhini. Da farko abin ya ba ni haushi, wallahi. Sai daga baya na gane ai muryar rahoto ce. Haka takardar hukuma take magana. Yarinyar tana kuka, tana surutai, amma tunda mai riƙe da labarin bai damu ya fahimce ta ba, mu ma ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ke shiga kunnenmu shi ne haushin kare.

Kashi na biyu ya tsallako zamaninmu. Wata mata a Ramallah ta karanta labarin a jarida, kuma abin da ya riƙe ta ba girman ta'asar ba ne, don irin wannan ba baƙo ba ne a wurinsu. Kwanan watan ne: an kashe yarinyar shekara 25 cif kafin ranar da aka haife ta. Wannan shi ne ƙaramin bayanin. Sai ta ƙudurta za ta nemo labarin daga ɓangaren yarinyar.

Ku duba abin da sai ta yi kafin ma ta isa ƙofar taskar takardu. Katin shaidarta ba ya ba ta damar zuwa can, sai ta ari na wata abokiyar aikinta. Ta yi hayar mota da taimakon wani. Ta bi shingayen sojoji gabanta na faɗuwa. A kujerar gefenta akwai taswirori, ta Isra'ila ta yanzu da ta Falasɗinu kafin 1948, tana duba wannan ta duba waccan, ƙauyukan da ke cikin ɗaya babu alamarsu a ɗayar. Ta je gidan tarihin sojoji, ta ga bindigogi da kakin soja da kwanukan cin abinci, an jera su tsaf. Ta gangara kudu zuwa matsugunin Nirim, mai kula da takardunsu ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ba ta tarihin wurin. Na yarinyar dai shiru.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ta rage wa wata tsohuwa hanya. Shekarun tsohuwar sun yi daidai da waɗanda yarinyar za ta kai da ta rayu. Watakila ta ji labarin, watakila ma ta san danginta. Suna zaune a mota ɗaya, amma matar ta kasa buɗe baki ta tambaya har tsohuwar ta sauka ta yi tafiyarta. Ta yi kasadar ranta don ta karanta takardun waɗanda suka yi kisan, ga mai ɗauke da tarihin a ka ta zo har gefenta, ta bar ta ta wuce. Ban ga laifinta sosai ba. Tsoro ya riga ya koya mata yin shiru.

Na san wani zai ce, to ai ƙagaggen labari ne, me ya hana marubuciyar ta raɗa wa yarinyar suna, ta ba ta murya? Akwai masu bin wannan hanyar. Najwa Bin Shatwan ta Libiya ta yi haka a Zarayib al-Abid, littafinta kan unguwar bayi a Bingazi, wanda ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar ƙagaggun labaran Larabci a 2017. Ita ta ba bayin sunaye da soyayya da waƙoƙi. Wannan littafin ma ya shafe mu kai tsaye, don cikin waɗanda aka ƙetara Sahara da su zuwa Libiya akwai mutanen Borno da Wadai da ƙasar Hausa, kuma in Allah ya yarda za mu ware masa shiri guda. Shibli ita ta ƙi. A fahimtata tana ganin in ta cike gurbin da ƙirƙira, mai karatu zai samu sauƙi, ya ji kamar an biya bashin. Ita kuwa so take ka ga ramin yadda yake. Ni na fi karkata ga Shibli a wannan labarin, ko da yake zuciyata ta fi jin daɗin karanta Najwa.

A ƙarshe matar ta kutsa wani fili da sojoji suka killace, ta hango raƙuma, sojoji suka hango ta. Ta kai hannu aljihu za ta ɗauko cingam don ta kwantar da hankalinta. Sai ƙarar harbi. Ita ma har littafin ya ƙare ba a faɗa mana sunanta ba.

A Oktoban 2023 an shirya miƙa wa Shibli lambar yabo kan wannan littafi a bikin baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus, sai aka janye taron bayan ɓarkewar yaƙin Gaza. Akwai fassararsa ta Turanci tun 2020 ga wanda Larabci zai yi masa nauyi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalam.