Jawabi a kan Gidan Makaman Rabe na Dikwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 

Amma bayan haka, gabas da Maiduguri, a kan hanyar Gamboru, akwai garin Dikwa. A cikinsa ne Rabe ya gina gidansa na ƙasa mai kaurin bango, inda ya ke zaune, inda kuma a ke ajiye masa bindigogi da albarushi. Wanda bai san labari ba ya iya wucewa bai waiwaya ba, alhali kuwa daga gidan nan aka mallaki ƙasar Barno har shekara bakwai.

Shi Rabe mutumin Sudan ne, daga wajen Hartum. Ya yi barantaka wurin Zubairu Basha. Sa'ad da aka kashe Sulaimanu ɗan Zubairu a shekarar 1879, sai ya kwashi mutanensa ya nufo yamma, yana cin garuruwa yana kama bayi, yana musanya su da makamai. A shekarar 1891 Sanusi na Dar Kuti ya hallaka ayarin wani Bafaranshe mai suna Karampel, makaman ayarin suka faɗo hannun Rabe, ƙarfinsa ya daɗu.

A shekarar 1893 ya ci Bagarmi, ya faɗa wa Barno, ya karya rundunar Shehu Hashimi, aka washe Kukawa aka ƙone ta. Ba yawan jama'a ya fi Barno ba. Abin da ya fi su da shi bindiga ce da horo, gama ya rarraba mayaƙansa tuta tuta, kowace tuta da shugabanta. Da Shehu Kiyari ya tare shi a Gashegar a shekarar 1894, Barebari suka fara rinjaya, har suka shiga sansaninsa. Rabe ya tara shugabannin tutocinsa ya sa aka yi musu bulala, har da ɗansa Fadaralla, sa'an nan suka koma fagen fama, aka kama Kiyari aka kashe shi.

To, sai ya bar Kukawa kango, ya mai da Dikwa babban birninsa. Ya kafa baitulmali, ya yanka haraji, ya naɗa alƙalai. Amma tushen wannan duka yana cikin ɗakin makamai, kuma nan ne rauninsa ya ke. Bindigar da ba harsashi sanda ce. Yaƙinsa ya tsinke fataucin da a ke yi tsakanin Barno da Tarabulus, Sarkin Musulmi Abdurrahman kuma ya hana ciniki da shi, saboda haka neman albarushi ya zame masa abin damuwa kullum. Ko Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya auri 'yarsa Hauwa, daga baya ya nemi rabuwa da shi, ya fita Dikwa, Fadaralla ya bi shi aka kashe shi.

Ana nan sai Faransawa suka taso masa ta fuska uku: wata runduna ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya, wata ta biyo ta Damagaram, wata ta hauro daga Kwango. Suka haɗu da shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900. A ranar aka kashe Rabe, aka kuma kashe Lami, shugaban yaƙin Faransawa, wanda aka sa wa birnin da yanzu a ke kira Injamena sunansa. Fadaralla ya bar Dikwa, ya yi ta yawo da sauran mayaƙa har aka cim masa a Gujba a shekarar 1901. Da bindiga aka kafa mulkin, da bindigar da ta fi ta aka rushe shi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Bayan wannan garin ya yi ta sake hannu. Jamusawa suka riƙe shi tun daga 1902, Ingilishi suka karɓa a 1916 cikin yaƙin duniya na fari. A 1942 aka mai da fadar Dikwa Bama, a 1961 kuwa mutanen ƙasar suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Tun a 1959 Gwamnati ta sa gidan Rabe cikin kayan tarihi na ƙasa. A 2015 garin ya sake jin ƙarar bindiga, sa'ad da soja suka gwabza da 'yan Boko Haram.

Wani ya ce, don me za a kiyaye gidan wanda ya zubar da jinin mutane? Amsa ita ce, ba don girmama Rabe a ke kiyaye shi ba, sai don shaida. Alƙali ba ya korar mai shaida don maganarsa da ɗaci, kuma in mai shaida ya mutu ba a kirawo shi daga kabari. Waɗanda suka ga Rabe da idonsu duk sun ƙare. Yaro ya iya musun labari, amma ba ya musun bangon da ya dafa da hannunsa. Gani ya kori ji.

Abu biyu ya kamata mai riƙe da amanar jama'a ya ɗauka daga nan. Na fari, Rabe yana da baitulmali da haraji da alƙalai, abin da ya rasa yardar talakawa ce, saboda haka da ya faɗi mulkin bai tsaya ba, sarautar Barno ta koma gidan Shehu Laminu. Na biyu, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin damina. In an yi sakaci, abin da igwa ba ta rushe ba ruwa ya rushe shi, kuma ba wanda za a tuhuma sai masu hukunci na zamanin.

Allah ya kiyashe mu da zalunci, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin. Haza wasalam.