Dawowa Gida: Daga Jidda Zuwa Ƙofar Gida Akwai Sauran Tafiya

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan uwa mazauna Maiduguri, a unguwar GRA)



 An nemi mu ɗan yi bayani a kan wahalhalun da matafiyi kan gamu da su a filin jirgin sama idan zai dawo gida daga waje. Ba don mun fi kowa sani ba aka ɗora mana wannan nauyi, sai dai don mun sha kwana a kan benci, wasunmu a Jidda, wasunmu a Kano, wasunmu a Legas.

Kafin mu shiga ƙorafi, ya kamata mu tuna yadda da yawa daga cikin kakanninmu suka san garin nan. Hanyar aikin Hajji ce ta biyo da su. Mutum zai taso daga Kano ko Katsina ko Hadeja, ya yada zango a Barno, ya wuce Fort Lamy wadda yau ake kira N'Djamena, ya bi ta Abeche da El Fasher har ya kai bakin Bahar Maliya. Wani ya shekara biyar a hanya, wani bai dawo ba, wani kuma nan Hausari ya sauke kayansa ya yi aure, shi ke nan tafiya ta tsaya. Yau kuwa awa huɗu da 'yan kai ne tsakanin Jidda da Maiduguri. Mun faɗi wannan ba don mu ce kada kowa ya yi kuka ba. Wanda ya kwana biyu a zaune da tsohuwa mai hawan jini, ba za ka lallashe shi da labarin raƙumi ba.

To, ga abin da muka lura da shi. Mu mutanen Maiduguri tafiyarmu biyu ce a cikin ɗaya. In ban da jigilar alhazai, wadda jirgi kan sauke mutane a nan filinmu da aka sa wa sunan marigayi Muhammadu Buhari a 2023, yawancinmu sai mun fara sauka a filin Malam Aminu Kano, ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja, ko na Murtala Muhammed a Legas. Bakano ya sauka ya isa gida. Mu kuwa a lokacin ne muke fara lissafin wani jirgin ko wata motar. Kuma a wannan guntun da ya rage ne aka fi yin asara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne na tikiti. Mutum zai sayi tikitin Jidda ko Alƙahira ko Dubai a kamfani ɗaya, ya sayi na Abuja zuwa Maiduguri a wani kamfanin, ya bar awa uku kacal a tsakani, wai don kada ya biya kuɗin masauki. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi ya bar shi. Na biyun zai ce maka ba ruwansa, kuma gaskiyarsa, tun da ba shi ya makarar da kai ba. Shawararmu ita ce a bar kwana guda cur a tsakani. Kusan kowa a ɗakin nan yana da ɗan uwa a Kano ko Abuja. A je a yi zumunci, a huce gajiya.

Sai maganar hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, ƙura kan rufe sararin Arewa ta yadda matuƙi ba zai hangi titin sauka ba. A 'yan shekarun nan azumi ya matso wajen wannan lokaci, domin a 2025 farkon Maris aka ɗauka, kuma kowace shekara yana dawowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Ke nan masu zuwa Umara su sa wannan a lissafi. Idan aka ce jirgi ba zai tashi ba saboda hazo, don Allah kada mu taru a kan yarinyar da ke bayan kanta muna daka mata tsawa. Ba ita ta kawo ƙurar ba. Haka kuma idan aka ce ana duba lafiyar jirgi. Manyanmu ba su manta da ranar 11 ga Yulin 1991 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya faɗi a Jidda jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 261 suka rasu. Matsalar taya ce ta jawo gobarar. Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar, in aka ce mana injiniya bai gama ba, ba ma gardama.

Amma haƙuri daban, barin haƙƙi daban. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, tana da ƙa'idoji. Idan jinkirin jirgin cikin gida ya kai awa biyu, fasinja na da haƙƙin abin sha da ɗan abin taɓawa, idan kuma abin ya kai ga kwana akwai maganar masauki. Hukumar na da jami'an karɓar koke a filayen jirgi. Mun taɓa zama tun hantsi har bayan isha'i a wani fili, ba bayani ba ruwan sha, sai "nan da minti talatin" ake ta jera mana. Masu ihu sun yi sun gaji. Wani dattijo ne ya tashi ya ɗauki mutum biyu, suka nemi babban jami'in kamfanin, suka ce a rubuta musu dalilin jinkirin a takarda. Ba a fi rabin awa ba sai ga ruwa da burodi. Mu dai abin da muka gani ke nan.

Kaya kuma, nan ne mu da kanmu muke jawo wa kanmu. Hajiya, a yi mana afuwa, amma bargo da fulas da tukunyar lantarki duk akwai su a Kasuwar Monday. Sai a zo wajen awo a ce kaya sun yi yawa, a zube su a ƙasa ana zaɓe, layi ya tsaya, jirgi ya makara, sannan mu ce hukuma ce. Ruwan Zamzam kada a cusa shi cikin akwati. Na'ura za ta gano shi, a fasa akwatin. Alhazai suna karɓar lita biyar ɗinsu ta hannun hukuma bayan an dawo. Kuma kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko da dabino ne ya ce, ko da ya kira ka Baba.

Idan akwatinka bai fito ba, kada ka bar wurin sai ka cika takardar ɓatan kaya, ka riƙe kwafinta tare da ɗan tikitin da aka manna maka lokacin awo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke ciki, ta ba da kwana 7 a rubuta koke idan kaya sun lalace, kwana 21 idan sun makara. Wanda ya iso Maiduguri ya gama karɓar 'yan barka da zuwa sannan ya tuna da akwati, ya wahalar da kansa. Abin da ba za ka iya kwana babu shi ba, a jakar hannu yake zama: magani na kwana uku aƙalla, fasfo, katin rigakafin shawara, cajar waya, riga ɗaya, da 'yar naira a hannu, don ba kullum na'urar cire kuɗi ke aiki ba. Wanda kuma ya shigo da kuɗin waje sama da dala 10,000, doka ta ce ya bayyana wa kwastan.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu. Idan jirgin Maiduguri ya wuce ka, zuciya za ta ce maka shiga mota kawai. Daga Kano zuwa nan kusan kilomita 600 ne, ta Azare da Potiskum da Damaturu. Mun san hanyar nan sarai, domin bayan harin da aka kai sansanin sojan sama a Disambar 2013 an rufe filinmu ga jiragen fasinja, sai a 2015 suka dawo, kuma duk tsawon lokacin ita muka riƙa bi. Mun kuma san abin da ya faru a Auno a daren 9 ga Fabrairun 2020, inda matafiyan da suka iso bayan an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka far musu, mutane kusan talatin suka rasa rayukansu. Kilomita ashirin da 'yan kai ya rage musu su iso gida. Saboda haka wanda ya sauka Kano bayan hantsi, ya kwana a can. Motar asuba ake shiga, kuma a tambayi direbobi halin hanya a ranar, ba labarin makon jiya ba.

A nan muna da roƙo ga waɗanda ke gida. Sau da yawa ku ne kuke tunzura matafiyi. An yanka rago, an kafa rumfa, an gayyaci dangi daga Gwange da Bulunkutu, sai waya ake ta bugawa, "Alhaji kana ina? Abinci zai huce." Mutumin da bai runtsa ba kwana biyu, sai ya ji kunya ya kama hanya da la'asar. Kada a sa ranar walima sai matafiyi ya taka ƙasar Maiduguri. Mutum ɗaya ya isa ya riƙa magana da shi, sauran su ji daga bakin wannan ɗin. Kuma in an ce jirgi ƙarfe huɗu zai taso, a tambaya agogon ina, don Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Mun sha ganin iyali sun yini a bakin fili a kan wannan kawai.

Shugaba, muna ba da shawara ƙungiya ta tattara sunayen 'yan uwanmu na Kano da Abuja da za su iya saukar da baƙo na dare ɗaya, a ba duk mai shirin tafiya kafin ya tashi. Masu tambaya sai su ɗaga hannu.