Ruwa Ba Ya Tsami Banza

  

Yau zancenmu a kan zuciya ne, wannan tsoka da ke cikin ƙirji, wadda take bugawa wajen sau 100,000 kowace rana. Sau da yawa mukan ji an ce, "Wane lafiya lau ya dawo daga gona, ya dafe ƙirji, kafin a kawo ruwa ya cika." Wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska. To, ruwa ba ya tsami banza. Bari mu ga abin da ke faruwa a ciki.

Zuciya tana tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma sai an ciyar da ita. Manyan jijiyoyi biyu ne ke kai mata jini, ta dama da ta hagu, faɗinsu kuwa milimita 3 zuwa 4 ne, kamar karan alkama. Duk wanda ya yi noman rani a Watari ta Bagwai ya san yadda laka take taruwa a magudana kaɗan-kaɗan. Haka wani kitse da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, yake shiga bangon jijiya ya kwanta. Shekara goma, shekara ashirin yana taruwa, mutum bai ji komai ba. Jiki kuma yakan lulluɓe shi da wata siririyar fata, ya zama kamar maruru a cikin bangon jijiya.

Ga inda hatsarin yake. Hawan jini yana dukan fatar nan, hayaƙin taba da ciwon sukari suna raunana ta. Ran da ta fashe, sai jini ya ɗauka rauni ne. Kun san idan lauje ya yanke mutum, jini yakan daskare ya rufe wurin. Haka yake yi a nan, sai dai a cikin ƙunƙuntar hanya. Cikin mintoci gudan jini ya toshe jijiyar. Naman zuciyar da ke gaba da wurin ya rasa jini, bayan minti 20 zuwa 30 ya fara mutuwa, wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa. Wannan shi ne bugun zuciya.

Wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya bayyana haka tun 1912, amma ba a kula shi sosai ba. Sai a 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa suka ɗauki hoton jijiyoyin masu ciwon cikin awa 4 na farko, suka tarar 87 cikin 100 jijiyar a toshe take ɗungum. Tun daga nan likitoci suka himmatu ga narkar da gudan jinin da allura, ko buɗe jijiyar da siririn bututu. Amma duka biyun sai an zo da wuri suke amfani.

Saboda haka ku riƙe alamun nan. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhun gero, wanda ya wuce minti 15 bai sauka ba. Yakan gangara hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi. Ga zufa mai sanyi, ga haki, ga tashin zuciya. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci kasala ce kawai da zafi a saman ciki, har a ce olsa ce, a jiƙa kanwa a ba su. Kada ku yi haka. Kada ku ce bari gari ya waye. A nemi mota nan take, a kai shi babban asibiti mafi kusa, a roƙi a yi gwajin zuciya na ECG. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In akwai asfirin, kuma ba a taɓa hana shi sha ba, ba ya zubar da jini, ya tauna miligiram 300 a hanya.

Kai ɗan'uwana da ka haura arba'in, yaushe rabonka da awon jini? Hawan jini ba ya sallama. Je ka a auna ka, a duba sukari. Idan an ba ka magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. Ka bar taba. Uwargida, a rage gishiri da dunƙule a miya, a ƙara zogale, rama da wake. Manomi ba ya jiran ruwa ya tsaya kafin ya yashe magudana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu kunnen ji. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.