Kuɗin Shari'a: Daga Abare Zuwa Kotun Ƙoli

Yau maganar kotu za mu yi, amma ba ta ɓarawo da ɗan sanda ba. Maganar wanda aka ci wa haƙƙi ce, gona ko gado ko bashi ko diyya, da abin da zai kashe kafin haƙƙin ya dawo hannunsa.

Mu fara daga Abare, a ƙaramar hukumar Anka. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma Abare na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa, tare da Dareta da Bagega da 'Yargalma ta Bukkuyum. To, a ce wani uba a Abare ya ce shi diyya yake nema. Wa zai kai ƙara, dillalin da ke sayen zinarin ko gwamnati? Idan maganar ta taɓo ma'adinai, tsarin mulki ya ce hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, wato sai Gusau. Can kuwa da Turanci ake shari'a, da wuya ka iya ba tare da lauya ba. Sai takardar gwajin jini, sai likitan da zai zo ya yi shaida, sai masanin da zai nuna daga ina gubar ta fito. Manomin da bai gama biyan bashin taki ba, ina zai kama?

Kar ku ce irin wannan ƙarar ba ta yiwuwa. An yi ta a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, yara 11 suka rasu. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Ku lura da kyau: dala miliyan 10 daga ciki kuɗin shari'a ne kawai. Kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala dubu 175 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan, ga gwamnatin jiha da manyan lauyoyi a bayansu.

Mu sauko kan abin da ya fi zama ruwan dare, rikicin gona da gado. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, kotun shari'a ce ta fi kusa da talaka. Da Hausa za ka yi magana, alƙali ya saurare ka, ba dole sai da lauya ba. Matsalar tana farawa ne ranar da ka yi nasara, abokin shari'arka mai kuɗi ya ɗaukaka ƙara. Sai biyan kuɗin kwafin shari'a, sai lauya, lauyan kuma bayan kuɗin aikinsa akwai na zuwa kotu duk zama. Ka yi kuɗin mota da shaidunka daga Anka ko Gummi har Gusau, a wannan hanyar da kowa ya san halin tsaron da take ciki, ka isa a ce maka an ɗaga. Daga Gusau sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja.

Akwai wani tarko kuma da mutane ba su cika sani ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a huruminta aure ne da gado da wasiyya da wakafi da makamantansu. Idan rikicin mallakar gona ne zalla, manyan kotuna sun sha yanke cewa ba huruminta ba ne. Sai a shekara ana tafka shari'a, a ƙarshe a soke hukuncin, a ce ku koma kotun da ta dace. Kuɗin da ka kashe ya tafi.

A ganina lauyoyi ba su ne babban abin da ke cin kuɗin ba, ko da yake wasunsu sai a hankali. Jinkiri ne. Mai kuɗi ya san ba sai ya fi ka gaskiya ba, ya fi ka juriya kawai.

Shi ya sa mutane ke komawa wajen mai unguwa ko hakimi ko Hisbah a yi sulhu. Yana da sauƙi, yana raya zumunci, amma sau da yawa marar ƙarfi ne ake ce wa ya yi haƙuri, musamman mata da marayu. Idan za ku yi, a rubuta, shaidu su sa hannu, in da hali a kai wa alƙali ya tabbatar.

Wanda kuma dole sai kotu, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, tun 1976 take, tana ba marasa hali lauya kyauta, a neme ta a Gusau. Sannan doka ta yarda a shari'ar neman haƙƙi ka daidaita da lauya cewa sai an ci nasara zai cire kasonsa. Ku tambaye shi tun ranar farko nawa ne, me da me kuɗin ya ƙunsa, kuma ya rubuta muku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.