Cinikin siga tsakanin na'urorin layin waya

Yau zancen H.248 nake so mu yi, wato Megaco, ƙa'idar da ITU da IETF suka fitar a 2000. Da ita na'ura mai ba da umarni ke sarrafa getwe, wadda muryarku ke bi ta cikinta. Siga ta 2 ta fito a 2002, ta 3 a 2005.

Idan getwe ta tashi, sai ta aika saƙon ServiceChange da siga ta 1, ta faɗi mafi girman sigar da ta iya. In mai umarni bai kai nan ba, a sauko wurinsa. In aka miƙa ta ga wani, a sake ciniki.

To masu karatun injiniyanci, ku riƙe wannan: tsohuwar na'ura ce ke yanke wa sabuwa iyaka.